Lissafin Kuɗin Tashar Jiragen Ruwa da Kwamfuta: Abin da Ya Shafi Manoman Kura da Bunkure

Tsakanin tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas da filayen noman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam akwai tazarar kimanin kilomita 1,000, amma duk kuɗin da aka caji jirgi a bakin teku yakan biyo kaya har zuwa bakin kwatar da ke ɗauko ruwa daga madatsar Tiga. Injinan ban-ruwa da na casar shinkafa, magungunan feshi, da sinadaran fosfet da fotash waɗanda ake haɗa takin NPK da su, yawancinsu ta teku suke shigowa, kuma ɗan kasuwa ba ya haɗiye abin da ya kashe wajen fito, a kan farashi yake ɗora shi.

Abin da jama'a ke kira kuɗin tasha a dunƙule ya rabu gida-gida, kuma kowane yana da mai karɓarsa. Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NPA kuma ta fara aiki a 1955, tana cajin jirgi kuɗin shigowa, da ladan matuƙin da ke yi masa jagora a mashigin ruwa, da na ƙananan jiragen da ke jan sa zuwa gaɓa, ana kuma ƙididdige mafi yawan wannan bisa girman jirgin, wakilin kamfaninsa ne yake biya. Tun daga 2006, lokacin da gwamnati ta bayar da jinginar sassan tashoshin ga kamfanoni masu zaman kansu irin su APM Terminals a Apapa, waɗannan kamfanoni ne ke karɓar kuɗin sauke kwantena da na ajiyarta. Kamfanin jirgin yana da nasa kuɗin jinkiri, wato tarar da ke hawa kowace rana idan kwantenarsa ta wuce kwanakin da aka yafe ba a mayar da ita ba, sannan harajin Hukumar Kwastam ya zo a kan duka.

A da ma'aikata ne ke rubuta waɗannan takardu da hannu, ana yawo da fayil daga tebur zuwa tebur, wanda hakan ya buɗe ƙofar rage wa wani adadi a ɓoye, da riƙe takardar wani har sai ya miƙa na goro. Sabon tsarin shi ne wakilin jirgi ya shigar da sanarwar isowarsa ta intanet tare da jerin kayan da ya ɗauko, manhaja ta haɗa waɗannan bayanai da jadawalin farashi, ta fitar da takardar biya mai lamba, a biya ta banki. Tun 2015 kuɗin hukumomin tarayya yana shiga asusun bai-ɗaya ne a Babban Bankin Nijeriya, galibi ta hanyar manhajar biyan kuɗi ta Remita. A Fabrairun 2021 NPA ta ƙaddamar da manhajar Eto domin tsara layin manyan motoci masu shiga tashoshin Apapa da Tin Can, a 2024 kuma Kwastam ta fara aiki da sabon tsarinta mai suna B'Odogwu. Duniya ma can ta dosa, domin Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wajabta wa ƙasashe, daga 1 ga Janairun 2024, su samar da kafar intanet guda wadda jirgi zai miƙa bayanansa ta cikinta.

Amfanin wannan a fili yake, tunda kowane biya yana barin sawu, kuma mai kaya yana iya ganin adadin da aka nema da ranar da aka biya. Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa shigowar kwamfuta na nufin sauƙin farashi. Manhaja kamar sikelin awon shinkafa take, abin da aka ɗora mata shi take faɗa, saitin da aka yi mata kuma shi take bi. Da NPA ta ƙara kashi 15 cikin ɗari a kan kuɗaɗenta a 2025, bayan ta shafe sama da shekara 30 ba ta yi ƙari ba, sauya jadawali kawai aka yi, sabon adadin ya bayyana a takardun kowa. Haka nan canjin dala da Kwastam ke lissafin haraji da shi ya tashi daga kimanin naira 422 a farkon 2023 zuwa sama da naira 1,500 a Fabrairun 2024, wanda ya sa mai kayan da ya ƙulla ciniki a tsohon farashi ya tarar da lissafin da ya ninka abin da ya tanada, babu kuma jami'in da zai roƙa, domin adadin daga na'ura ya fito.

Inda haɗarin ya fi tsanani ga masu casar shinkafa na Kura da ƙungiyoyin manoma masu haɗa kuɗi su yi odar inji daga Sin ko Indiya shi ne wajen shigar da bayanai. Kowane irin kaya yana da lambar da duniya ta amince a rarrabe shi da ita, kuma wannan lamba ce ke nuna wa manhaja yawan harajin da za ta ɗora. Injinan aikin gona suna cikin kayan da gwamnati ta yi wa sassauci, amma idan ejan da ke fito da kayan ya sanya su ƙarƙashin lambar da ba tasu ba, ko sunan da ke kan takardar jirgi ya saɓa da wanda ke kan fom ɗin banki da ake kira Form M, to lissafi zai fito a karkace ko ya tsaya cik. Gyaran yakan ci kwanaki, kuma a duk tsawon kwanakin nan kuɗin ajiya da na jinkiri suna hawa da kansu ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Ga manomin rani asarar ta ninku, domin injin da ya makara har aka wuce lokacin dashe ya rasa amfaninsa na wannan shekarar, ko da a ƙarshe ya iso lafiya.

Macuta ma sun bi zamani. Takardar da kwamfuta ta buga tana da kwarjini a idon wanda bai saba da ita ba, alhali ƙirƙirar mai kama da ita ba ta da wuya, shi ya sa wani ejan kan turo hoton rasit ta WhatsApp ɗauke da tambarin hukuma da adadin da ya ƙara wa gishiri. Akwai kuma masu buɗe shafuka a Facebook da sunan jami'an Kwastam suna tallar gwanjon motoci ko shinkafa, abin da hukumar ta sha gargaɗin jama'a a kai, tana mai cewa gwanjonta ta shafinta na intanet ake yin sa. Hukumar gwamnati ba ta karɓar kuɗinta ta asusun mutum ɗaya ko ta na'urar POS ta wani mai shago, saboda haka ya kamata mai kaya ya nemi lambar biyan kowace takarda ya tantance ta a banki kafin ya saki kuɗi, ya buƙaci takardar Kwastam da ta kamfanin tasha da ta kamfanin jirgi kowace daban, ya kuma sa a rubuta ladan ejan a gefe, kada a cusa shi cikin jimla guda da sunan kuɗin fito. Yana da kyau kuma a tabbatar ejan yana da lasisin Kwastam, sannan a buɗe Form M da sunan mai kayan ko ƙungiyarsa mai rajista, domin wanda sunansa ke kan takarda shi tsarin ya sani a matsayin mai kaya.

Tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki a ƙaramar hukumar Kumbotso, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023, an gina ta ne domin a riƙa kammala duba kaya da biyan haraji a Kano, kamar yadda ake yi a ta Kaduna tun 2018. Kusancinta da Kura yana bai wa mai kaya damar zuwa da ƙafarsa ya ga takardunsa, ko da yake sai an rubuta tun daga ƙasar da aka ɗauko kayan cewa can za su sauka, kuma kuɗin da jirgi ya biya a Legas da na dakon kwantena zuwa arewa suna nan a cikin lissafi. Wanda ya ga an caje shi abin da ba ya cikin jadawali yana iya kai ƙorafi a rubuce, tare da kwafin takardunsa, ga Majalisar Masu Safarar Kaya ta Ruwa ta Nijeriya, wadda gwamnati ta ɗora wa alhakin sa ido kan farashin tashoshi tun 2014, kuma tana da ofis a Kano.