Me ya sa wani ke son kiɗan rok? Darasi daga labarin Mdou Moctar

A kusan kowane ofis ko layin kasuwa akan samu mutum ɗaya da abin da yake sauraro ya sha bamban da na saura. Maƙwabta sun kunna Shata ko Ɗanmaraya ko wata sabuwar waƙar fim, shi kuwa kukan jita mai lantarki ne ke fitowa daga wayarsa. Tambayar da ake yi masa ba ta sauyawa: me kake ji a cikin wannan hayaniyar? Wasu kan ƙara da zargin cewa ya raina na gida, ya koma bautar kayan Turawa.

Zargin ba ƙarami ba ne, domin har cikin gidaje yake shiga. Uba ya tarar da ɗansa yana sauraron kiɗan da bai san kansa ba, sai hankalinsa ya tashi, ya ɗauka yaron ya kama hanyar lalacewa. Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san inda wannan kiɗa ya samo asali, da kuma yadda ake yi har mutum ya ƙaunaci abin da aka yi a wata duniyar. Labarin wani makaɗin jita daga Jamhuriyar Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta fi sani da Mdou Moctar, ya isa ya haska mana hanya.

Asalin kiɗan rok

Abu na farko da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kiɗan rok ba Turawa ne suka ƙago shi su kaɗai ba. Tushensa kiɗan buluz ne, wato waƙoƙin baƙaƙen fata na kudancin Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. A shekarun 1950 ne makaɗa irin su Chuck Berry da Little Richard suka ƙara wa buluz sauri da ƙarfi, suka ɗora shi a kan jita mai lantarki da ganguna, sannan farar fata irin su Elvis Presley suka ɗauka suka yi suna da shi.

Tun daga farko kuma sinima ce ta yi masa jagora. A 1955 aka fitar da fim ɗin Blackboard Jungle, wanda ya buɗe da wata waƙar Bill Haley, kuma ta nan ne dubban matasa a Amurka da Ingila suka fara jin sabon kiɗan. Samarin Ingila suka rungume shi. Ƙungiyar Rolling Stones da aka kafa a Landan a 1962 ta samo sunanta ne daga wata waƙar Muddy Waters, baƙar fata daga jihar Mississippi. Shi kuwa Jimi Hendrix, wanda ake sanya shi a sahun gaba na makaɗan jita, sai da ya bar Amurka ya je Landan a 1966 kafin tauraruwarsa ta haska.

Najeriya ma ba baƙuwa ba ce a wannan labari. A farkon shekarun 1970 Legas ta yi ƙungiyoyin rok irin su BLO da Ofege. Ginger Baker, makaɗin ganguna na ƙungiyar Cream, ya zauna a birnin ya yi aiki da Fela Kuti, sannan a 1973 Paul McCartney ya ɗauki yawancin kundinsa Band on the Run a can.

Yadda jita ta shiga Sahara

A Arewa kuwa abin da gidajen sinima suka fi cusa wa jama'a shi ne fina-finan Indiya, da na daku na ƙasar Sin, da na kaboyi. Amma can gaba da mu, a tsakanin Abzinawa, wani abu daban ya faru. An ruwaito cewa Ibrahim Ag Alhabib, jagoran ƙungiyar Tinariwen ta Mali, yana yaro ya ga wani kaboyi yana kaɗa jita a fim, sai ya haɗa tasa da gwangwani da sanda da wayar birkin keke.

Tawayen 1963 a arewacin Mali da farin shekarun 1970 da 1980 sun kori matasan Abzinawa da yawa zuwa Aljeriya da Libiya neman abin yi. A can suka haɗu da kaset-kaset na kiɗan Larabawa da na Turawa, suka ɗauki jita suka zuba mata kiɗan gida: bugun tende, wato turmin da ake rufe bakinsa da fata mata su kaɗa, da salon tehardent, mai kama da molo. Waƙoƙinsu na kewar gida ne da ƙishin 'yanci, kuma daga hannu zuwa hannu kaset ɗinsu ya riƙa yawo. A 2012 Tinariwen ta ci kyautar Grammy da kundinta Tassili. Bombino, ɗan yankin Agadas, ya koyi wasu dabarunsa ne ta kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler, kuma shi ne ɗan Nijar na farko da aka sanya a jerin masu neman wannan kyauta.

Daga wayar birki zuwa Sakkwato

A wannan yanayi Mdou Moctar, ɗan asalin jihar Tahoua, ya tashi. Kafin ya zama makaɗi, masoyi ne. Wanda ya fara sace masa zuciya ba Bature ba ne, Abdallah Oumbadougou ne, ɗaya daga cikin magabatan kiɗan jita a Nijar. Iyalinsa ba su yi na'am da harkar kiɗa ba, kuma ba shi da kuɗin saye, don haka shi ma ya sassaƙa katako ya ɗaura masa wayoyin birkin keke ya koya wa kansa. Bahago ne, kamar yadda Hendrix yake.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne inda ya ɗauki kundinsa na farko. A 2008 ya tsallako zuwa Sakkwato, ya shiga situdiyon da ake yin waƙoƙi irin na fina-finan Hausa, ya yi kundin Anar. Duk wanda ya saurare shi zai ji bugun kwamfuta da muryar da na'ura ta lanƙwasa, salon da muka sani a waƙoƙin Kannywood, sai dai da harshen Tamashek. Ke nan matashin da yau ake kira gwarzon rok, a lokacin waƙoƙin fim ɗinmu ne ke burge shi.

Kundin bai shiga kanti ba. Ta memori da Bluetooth ya bi wayoyin jama'a, ya ratsa Nijar har Mali. A can wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya ji waƙarsa Tahoultine a wayoyin mutane, ya sanya ta a wani kundi da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar mai suna Music from Saharan Cellphones, sannan ya shiga neman mai waƙar har ya same shi.

Fim ɗin Amurka da rawani

A 1984 mawaƙi Prince ya fito a fim ɗin Purple Rain, labarin wani matashin makaɗi a birnin Minneapolis da ke fama da rikicin gida da abokan hamayya da soyayya. Kirkley da Mdou Moctar suka ga cewa wannan labari zai zauna daram a Agadas, birnin da makaɗan jita ke gasa a bukukuwan aure. A 2015 suka fitar da Akounak Tedalat Taha Tazoughai, inda Mdou ya fito da rawani a kan babur mai launin shunayya, yana fama da mahaifin da ba ya son sana'arsa da kuma wani makaɗi da ke jin birnin nasa ne.

Sunan fim ɗin kansa darasi ne. Ma'anarsa ita ce ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki, domin masu shirya shi sun ce ba su samu kalma guda ta shunayya a harshen Tamashek ba. Haka aka yi wa sauran labarin: abin da bai dace da al'adar Musulmin Agadas ba aka ajiye shi, abin da ya dace aka ɗinka masa sabuwar riga.

Wannan shi ne abin da marubuta da masu fim na Kano suka yi da fina-finan Indiya. Ba harshen Hindi ne ya ja 'yan kallo ba. Sun ga auren dole, da biyayya ga iyaye, da kunya, da rikicin mai kuɗi da talaka, suka gane nasu a ciki. Mutum ba ya ƙaunar baƙon abu don baƙuntarsa kawai. Yana ƙaunarsa ne idan ya tsinci wani ɓangare na rayuwarsa a ciki. Mai son rok a Kano ko Kaduna sau da yawa abin da yake ji shi ne abin da mai son kukuma ko goge ke ji: tsirkiya tana kuka kamar muryar mutum, ganga tana tafe da ita.

Daga baya ne Mdou ya ci karo da bidiyon Eddie Van Halen a YouTube, ya ari dabarar buga tsirkiya da yatsun hannu biyu. Kundinsa Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 sun samu yabo a manyan jaridun Amurka da Turai. Amma abin da yake faɗa a ciki na gida ne: mulkin mallaka, da arzikin yuraniyom da bai amfani talakan Nijar ba, da tsoron kada harshensa ya ɓace. Lokacin juyin mulkin Yulin 2023 ma yana rangadi a Amurka, rufe iyakoki ya hana shi da abokan kiɗansa komawa gida na wani lokaci.

Inda damuwar iyaye take da tushe

Duk da haka, ba za a ce masu fargaba ba su da hujja ba. Tarihin rok cike yake da shaye-shaye da mutuwar ƙuruciya. Hendrix ya rasu a 1970 yana da shekara 27, haka Kurt Cobain na ƙungiyar Nirvana a 1994. Akwai waƙoƙin da kalmominsu batsa ne ko izgili ga addini, kamar dai yadda ake samun irinsu a kowane salo, har da na gida. Batun hukuncin kiɗa a shari'a kuwa fage ne na malamai. Abin lura a nan shi ne, sunan salo ba ya nuna abin da ke cikin waƙa. Da kayan kiɗa iri ɗaya wani ya yabi giya, wani kuma ya yi wa ƙasarsa kuka.

Akwai kuma wata damuwar da ba a cika ambata ba. A zamanin kaset da memori, mutum ne ke miƙa wa ɗan'uwansa waƙa, ya ce saurari wannan. Direba ya ba fasinja, mai cajin waya ya tura wa abokin ciniki. Ta haka waƙar da aka ɗauka a Sakkwato ta kai Mali ba tare da talla ba. Yau manhajoji irin su TikTok da YouTube ne ke jero wa mutum abin da zai ji, bisa lissafin abin da zai daɗe da shi a kan allo. Wanda bai tashi ya nema da kansa ba, zai wayi gari yana son abin da aka zaɓa masa, yana zaton shi ya zaɓa.

Saboda haka idan uba ya ji baƙon kiɗa a ɗakin ɗansa, ko ma'aikaci ya ji shi a teburin abokin aikinsa, tambayar da ta fi amfani ba ita ce daga wace ƙasa ya fito ba. A tambaye shi me waƙar ke cewa, wa ya nuna masa ita, me ya gani a ciki. Idan ya iya amsawa, to ya san abin da yake so, kuma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Idan ya yi shiru, an samu inda za a fara hira. Wataƙila ma idan aka bi sawun waƙar, a tarar ta taɓa kwana a Sakkwato.