Bununi Da Barbara Da Cikin Dawa

Kwanan baya na ga wata takarda da aka juya daga Turanci zuwa Hausa domin amfanin manoma. A wani wuri mai takardar yana bayanin abin da kan sa masara ta fito da giɓi, sai mai fassara ya rubuta wai rashin zuba taki ne. Ba da gangan ya yi ba. A Turanci kalma ɗaya ce a ke faɗa wa zuba taki a gona da kuma haɗuwar namiji da mace a cikin fure, asalinta daga Latin ne, inda ta ke nufin abu mai yawan haihuwa. Mai fassara ya ɗauki ma'anar da ya sani, ya bar wadda a ke nufi. Manomin da ya bi takardar nan sai ya kashe kuɗinsa wajen taki, baɗi kuma masararsa ta sake fitowa da giɓinta. Saboda haka na ga ya kamata mu rarrabe kalmomin nan, musamman domin malaman makaranta da akawuna, waɗanda aikin fassara kan faɗo a hannunsu.

Mu fara da kalmar da mu ka gada. Duk wanda ya taɓa ratsa gonar gero da hantsi bayan ya fid da kai, ya san garin nan mai laushi da kan manne wa riga. Sunansa bununi. Manoma sun daɗe da sanin cewa in ruwa mai ƙarfi ya wanke bununi, zangarniya ba ta cika da tsaba, ko da ya ke ba kowa ya san dalili ba. Dalilin shi ne, bununi shi ne rabon namiji a cikin haihuwar tsiro. Ba hatsi kaɗai ke da shi ba. Garin da ƙudan zuma ke kwasowa a ƙafa daga furen kabewa ko na auduga, shi ma bununi ne, aikinsu ɗaya. Ban ga abin da zai sa malami ya ari sunan wani harshe ba, alhali ga namu, yara kuma sun zo da shi daga gida.

Masara ta fi kowane tsiro sauƙin koyarwa, gama ta raba namiji da mace inda ido ke gani. Furen da ke can bisa kanta shi ne namiji, yana zub da bununi miliyoyi. Goyon da ke gefenta shi ne mace. Gemun masara kuwa ba ado ba ne: kowane sili guda yana haɗe da gurbin ƙwaya guda a jikin goyo. Sa'ad da iska ta ɗauko bununi ta sauke shi bisa silin gemu, wannan saukar ita ce barbara. Kalmar daga wajen dabbobi aka ɗauko ta, ta kuwa dace, muddin an tuna ma'anarta isowar bununi inda ya kamata ya iso, ba wani abu gaba da haka ba.

To, nan ne akasarin ruɗani ya ke. Barbara ba ita ce haihuwa ba, kamar yadda isowar baƙo ƙofar gida ba ita ce shigarsa ɗaki ba. Bayan ƙwayar bununi ta sauka, sai ta tsiro da wani siririn bututu wanda ido ba ya gani, ya bi ta cikin silin gemu tun daga baki har gindi, tafiyar da kan ci wajen kwana guda. Ta cikin bututun nan ƙwayar haihuwa ta namiji ke gangarawa ta sadu da ta mace, su zama abu guda. Wannan saduwar ita ce abin da mai fassararmu ya mayar zuba taki. Ni dai haɗuwa na ke kiranta, watau haɗuwar ƙwayoyin haihuwa. Ana iya yin barbara haɗuwa ba ta auku ba, misali in fari ya busar da gemu, ko in bununin na wani tsiro ne dabam. Duk silin da aka rasa haɗuwa a gindinsa, gurbinsa zai zauna wofi. Giɓin ke nan.

Ba da wuri masana su ka kai ga wannan ba. A 1694 wani malamin likitanci na birnin Tubingen a Jamus, Camerarius, ya nuna cewa in an cire furen namiji daga zurma, ko an yanke gemun masara, ba a samun iri. Bututun bununi sai a ƙarni na 19 Amici, mutumin Italiya, ya gan shi da madubin ƙara girman abu, sa'an nan a 1884 Strasburger ya ga haɗuwar kanta. A 1898 kuma Nawaschin, yana aiki a Kiev, ya gano abin da ya fi duka ban mamaki: ashe ƙwayoyin namiji biyu ne ke gangarawa ta bututun, haɗuwa kuma biyu ce. Ɗaya ta zama ɗan tsiron da ke kwance cikin iri, ɗayar ta zama guzurinsa. Guzurin nan shi ne garin da mu ke tuƙa tuwo da shi. Shi ya sa in maƙwabcinka ya shuka masara rawaya kai ka shuka fara, a kakar nan za ka ga ƙwayoyi rawaya sun barbazu cikin goyonka, domin guzurin ya ɗauko launin ubansa.

Akwai wata kalma tamu da ke bukatar hattara a aji. Manomi ya kan ce dawa ta yi ciki sa'ad da kanta ya kumbura cikin kube bai fito ba. Magana ce mai kyau, ba mai raba manomi da ita. Amma yaro ya san akuya ba ta ciki sai bayan barbara, sai ya zaci haka dawa ta ke. Alhali cikin dawa ya riga barbara. Abin da ke cikin kuben nan furanni ne da ba su buɗe ba. Sai kai ya fito, ya yi bununi, a yi barbara, a yi haɗuwa, kana tsaba ta soma kamar madara har ta ƙosa. Malamin da bai tsaya ya warware wannan ba, ya koya wa yara abin a bai-bai.

Masu dabino, ko a Dutse ko a Ingal da Bilma, ba su bukatar a gaya musu akwai namiji da mace a itace, kamar yadda ya ke ga giginya da gwanda. Mutum ke hawa ya sa reshen furen namiji cikin na mace da hannunsa, namiji ɗaya kuwa ya kan ishi mata har wajen 50. Larabawa na kiran aikin nan ta'abiri, kalmar har ta shiga fiƙihu. Wanda ya karanta Risala ya san hukuncin: in an sayar da dabino bayan an yi masa ta'abiri, 'ya'yan na mai sayarwa ne, sai fa in mai saye ya sa sharaɗi. Ga shari'ar dukiya ta rataya ga ma'anar kalma guda, ma'anar kuwa barbara ce, abin da shaidu ke iya gani.

Kowane tsiro da tasa hanya. Furen gyaɗa kan barbari kansa tun bai gama buɗewa ba, dawa ma galibi haka, shi ya sa kaura da farfara ke zama maƙwabta shekara da shekaru kowace ba ta rasa kamanninta ba sai kaɗan. Gero kuwa macen furensa kan riga namijin nuna, saboda haka bununin wani kan ya fi samunta. Ta nan shibra ke shiga gona, in gero ya gamu da danginsa na daji. In kuwa mutum ne ya zaɓi uwa da uba da gangan, kamar yadda masu binciken aikin gona ke yi a Samaru, shi ne a ke cewa iri mai aure.

Malamin da ke da gonar makaranta yana iya nuna duk wannan ba tare da madubi ba. Ya sa yara su rufe goyo biyu da jakar takarda tun gemu bai fito ba. Bayan gemu ya fito, a buɗe ɗaya a karkaɗa masa bununi a mayar da jaka, ɗayan a bar shi a rufe. Taki ɗaya, ruwa ɗaya. Da kaka a ɓare su a gaban aji, a ƙidaya ƙwayoyin kowanne.