Ciwon Matsematsi a Wurin Mahaya da 'Yan Ƙwallo

Ranar Hawan Daushe, idan mahayi ya sako doki a guje a Ƙofar Fada ya ja linzami ya tsaya cak gaban Sarkin Zazzau, 'yan kallo hannunsa suke yabo. Alhali cinyoyi ne suka riƙe shi bisa sirdi. Tsokokin cikin cinya, masu matse ƙafafu, tushensu yana jikin ƙashin mara, wurin da ƙasusuwan ƙugu biyu suka haɗu ta gaba da ɗan guringuntsi a tsakani. Tsokokin ciki ma a nan suka sauko suka kama. Na sama suna ja, na ƙasa suna ja, kamar igiyoyin rumfa: ɗaya ta saki, sauran su ɗauki nauyin da ba nasu ba.

Ɗan ƙwallo ya fi mahayi shan wannan wahala. Duk sa'ad da ya ɗaga ƙafa zai buga, ko ya yanke gudu ya juya, ƙafa ɗaya ce ke ɗauke da shi, kuma dole ƙugu ya tsaya daram a kanta. Idan tsokar ɗuwawu ba ta da ƙarfi sai ƙugun ya karkace. Wani kuma gaɓar kwankwasonsa ce ba ta juyawa sosai, don kan ƙashin cinyarsa ya yi ɗan tudu, abin da ake yawan gani ga waɗanda suka ƙwallafa wa wasa rai tun ƙuruciya. Juyin da gaɓar ta kasa yi, mahaɗar mara ce ke biyansa. Sannu a hankali ciwon ke shiga: da fari sai an tashi wasa, daga baya ko tari aka yi sai an ji shi.

A cikin gari akan ce jijiya ce ta hau, a kai yaro wurin mai ɗori, ko a sa ƙaho, ya huta mako biyu ya koma fili, ciwo ya dawo. Hutu kaɗai ba ya gyara yadda ƙugu ke motsi. A 1999 likita Per Hölmich na Denmak ya gwada hanyoyi biyu ga 'yan wasa masu daɗaɗɗen ciwon: cikin waɗanda aka sa atisayen ƙarfafa cinya da ciki, 23 suka koma wasa lafiya, cikin waɗanda aka yi wa tausa da miƙa jiki, 4 kacal.

Sai dai ba kowane ciwon matsematsi ne na tsoka ba. Taron masana a Doha a 2014 ya rarrabe shi gida-gida, har da na gaɓar kwankwaso. Akwai kuma gwaiwa da kaluluwa. Wanda ya ga kumburi, ko ciwon ya haura wata guda, ya daure ya je Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko asibitin koyarwa na Shika a duba shi kafin ya sake ɗaura takalmi.