Noti Ɗaya Ya Tsai Da Mota Kwana Uku

Kwanan baya tsohuwar Land Rover da muke zagayen makarantu da ita ta soma ɗigar da baƙin mai ta gaban inji. Makaniki ya duba, ya ce robar da ke tare mai ce ta cinye, kuɗinta ba yawa. Amma ba a isa gare ta sai an cire fulin da ke juya fambel, shi kuwa babban noti ke riƙe da shi a bakin karanshaf. Notin nan ya ƙi motsi har kwana uku. Mun ga ya kamata mu bayyana wa malamai da akawuna abin da muka koya, domin yawancinmu tsohuwar mota muke iya saya.

Da fari a san amfanin fulin. Injin silinda huɗu yakan yi bugu biyu a kowane juyi, watau in yana juyi 3,000 a minti ɗaya, karanshaf yana shan bugu 100 a daƙiƙa. Kowane bugu yakan ɗan murɗe shi, sa'an nan ya sake shi. In ba abin da ke shanye wannan girgiza, ƙarfen yana iya tsagewa, balle a injin silinda shida mai dogon karanshaf. Wani injiniya na Ingila, Frederick Lanchester, ya ƙago maganin wannan a 1910. Daga baya aka riƙa yin fuli kashi uku: cibiya, da zoben roba, da zoben ƙarfe mai nauyi a waje. Waɗansu motoci fulinsu ƙarfe ne zalla, saboda haka a duba tukuna.

Dalilin taurin notin kuwa, da gangan aka tsananta ɗaure shi. A injin fetur na Land Rover mai lita 2¼, wanda ya fito a 1958, ana ɗaure shi da ƙarfin laba 150 a kan sufana mai tsawon ƙafa ɗaya. Ga kuma tsatsar shekaru. Har wa yau, in an murɗa, injin duka yakan bi sufana ya juya.

To, ga yadda aka yi. Aka cire wayar batir, aka fitar da lagireto don a sami fili. Aka zuba man sassauta tsatsa, aka bar shi ya kwana. Aka sa giya ta huɗu, aka ja birkin hannu, aka sa waigi, yaron makaniki ya taka birki. Sa'an nan aka zura bututun ƙarfe mai ƙafa uku a hannun sufana, aka ja hagu. Malaman lissafi sun san wannan: laba 50 a kan ƙafa uku daidai take da laba 150 a kan ƙafa ɗaya. Da ja na uku notin ya yi ƙara, ya saki.

Akwai masu tokare sufana da shasi su buga sitata. Yakan yi, amma in injin ya tashi ko sufana ta kuɓuce, hannu ko lagireto ke biya. Ba mu yarda da shi ba.

Bayan noti sai fulin kansa. Kada a buge shi da guduma, domin bugun yana lalata abin da ke hana karanshaf wasa gaba da baya. Kada a kai masa wuta, robar za ta ƙone. Kada kuma a kama zoben waje da abin ja mai farce, zai rabu da cibiya. Abin ja da ake ɗaurawa a cibiya shi ne daidai, a murɗa a hankali. A adana ɗan makullin da ke zaune cikin tsagar karanshaf, a mayar da noti da sufana mai awo.

Mun yi hasarar kwana uku, makarantu biyu suka jira mu. Amma da mun bar aka yi gaggawa da guduma, da kuɗin injin duka muke nema yanzu. Wanda ya kai motarsa gareji, ya tsaya ya ga da abin da za a taɓa fulinsa.