Magarya da Dungas: an maido su gida, ina za su zauna?

A cikin watan Maris na 2022, jiragen sama suka sauke mutum fiye da 1000 a Yamai, galibinsu mata da yara, bayan wani gidan talabijin na Senegal ya nuna su suna bara a titunan Dakar. Hukuma ta bayyana cewa akasarinsu mutanen Kance ne da Magarya, cikin jahar Damagaram. Aka zuba su cikin motoci, aka maida kowa inda ya fito.

Ba wannan ne karo na farko ba. A watan Oktoba na 2013, mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hamada kusa da iyakar Aljeriya, kuma tun ƙarshen 2014 Aljeriya ta shiga koro ƴan Nijar ayari bayan ayari. Dattawa kuwa ba su manta da korar da Najeriya ta yi wa baƙi a 1983 ba.

Abin da ke fidda su sananne ne. Wannan yanki na cikin mafi cunkoson jama'a a ƙasar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, jikoki sun yayyanka ta har ba ta ciyad da gida wata shida. Wanda aka maido ƙauye ya iske rumbu wayam, sai ya gangaro birni, ya raɓa a zauren wani ɗan uwa ko a kangon da ba a gama ginawa ba, inda babu famfo, lakwal kuma ta yi nisa. A takarda shi ba ɗan gudun hijira ba ne, tunda cikin ƙasarsa yake, don haka taimakon da aka tanadar wa baƙi yakan wuce shi.

Alhali a Difa an gwada wata dabara. Bayan rikicin Boko Haram, hukumar HCR ta haɗa kai da magadan gari aka yanka filaye, aka ba ƴan gudun hijira da ƴan ƙasa da suka komo, tare da talakawan garin da suka tarbe su, domin kada ɗan gida ya ga an fifita baƙo a kansa. A Maradi ma, waɗanda suka tsero daga Zamfara da Sakkwato tun 2019 an zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Cadakori.

Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, garin kuma sai faɗaɗa yake. Duk ranar da aka zo rabon filaye, sunan matar da aka sauke daga motar Dakar ya cancanci shiga takardar magajin gari.