Asusun ajiyar da Faransa ba ta cire wa haraji: abin da ƴan uwanmu na can da na gida ya kamata su sani

 Yau za mu yi magana kan kuɗin ƴan uwanmu da ke neman abinci a Faransa. Abin da suke aikowa gida kowa ya san hanyarsa. Saura kuma, wanda mutum ke ajiyewa don gina gida ko aure ko ranar rashin lafiya, a ina yake kwana? Gwamnatin Faransa ta ware wasu asusu na musamman waɗanda ba ta karɓar haraji kan abin da suka haifa, ko kuma ta karɓi kaɗan. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, saboda maganar ta shafi mai kuɗin, ta kuma shafi magadansa da ke nan Maraɗi ko Damagaram ko Tawa.

Kafin mu shiga, ga ma'auni: yuro 1 daidai yake da sefa 655,957, wato yuro 1.000 ya kama wajen jika 656.

Mene ne ake yafewa?

A Faransa, idan kuɗinka suka haifi wani abu a banki ko a kasuwar hannun jari, gwamnati na da rabo a ciki. A shekarar 2018 aka tsaida wannan rabo a kashi 30 cikin 100 na ribar: a wancan lokacin kashi 12,8 harajin samu ne, kashi 17,2 kuma na tallafin jama'a ne. Uwar kuɗin ba a taɓa ta, ribar kaɗai ake yanka.

Mu ɗauki misali. Mutum ya ajiye yuro 5.000, wajen miliyan 3 da jika 280 kenan. A ce ajiyar tana ba da kashi 3 cikin 100 a shekara, wato yuro 150. In asusu ne na yau da kullum, da lissafin kashi 30 na 2018, a cire 45, ya tashi da 105. In kuwa ɗaya daga cikin asusun da aka yafe ne, 150 ɗin duka nasa ne. Bambancin ya kusa jika 30 a shekara guda.

Livret A, asusun kowa da kowa

Wannan shi ne mafi daɗewa, asalinsa tun shekarar 1818. Da can a gidan waya da Caisse d'épargne ake buɗe shi, amma tun watan Janairun 2009 kowane banki na iya buɗe maka. Babba da yaro duk suna da dama, har jariri iyayensa na iya buɗe masa. Ba sai kana ɗan ƙasa ba. Da yuro 10 ana farawa a yawancin bankuna.

Dokokinsa guda uku ne manya. Na farko, mutum ɗaya asusu ɗaya. Kafin banki ya buɗe maka sai ya tambayi ofishin haraji ko kana da wani, kuma akwai tara ga wanda ya riƙe biyu. Na biyu, abin da za ka zuba ba ya wuce yuro 22.950, wato kimanin sefa miliyan 15. Na uku, kuɗinka ba a ɗaure suke ba, duk ranar da ka so ka ɗiba, kuma gwamnati ce ta tsaya a kan cewa ba za su salwanta ba.

Ba banki ke yanke yawan kuɗin ruwan da ake biya ba. Gwamnan babban bankin Faransa ne ke ba da shawara, ministan tattalin arziki ya yanke, ana duba maganar a ranar 1 ga Fabrairu da 1 ga Agusta. Shi ya sa yake hawa da sauka: kashi 0,5 ne a 2020 da 2021, ya kai kashi 3 daga Fabrairun 2023, ya sauko 2,4 a Fabrairun 2025, sannan 1,7 a Agustan 2025.

Akwai wata ƴar dabara da ta shafi masu aiko kuɗi gida. Ana lissafin ruwan ne rabin wata rabin wata, daga 1 ga wata da kuma daga 16. In ka zuba ranar 3, ba su fara aiki ba sai 16. In ka cire ranar 14, kwanakin nan goma sha huɗu sun tafi a banza. Don haka mai zubawa ya yi ƙoƙari ya zuba ranar 15 ko ƙarshen wata, mai cirewa kuma ya jira 1 ko 16 in ba gaggawa. A ƙarshen Disamba ake tara abin da aka samu a ɗora kan uwar kuɗi.

To me ya sa gwamnati za ta bar harajinta haka kawai? Ba sadaka ba ce. Fiye da rabin kuɗin ana tattara su a wata ma'aikata mai suna Caisse des dépôts, ita kuma ta ba da su bashi na dogon lokaci don gina gidaje masu sauƙin haya. Da yawa daga gidajen da ƴan uwanmu ke haya a unguwannin bayan gari, da irin wannan kuɗi aka gina su.

LDDS da LEP

Wanda Livret A ɗinsa ya cika yana iya ƙarawa da LDDS. Ruwansu ɗaya, yafewarsu ɗaya, sai dai iyakarsa yuro 12.000, wajen miliyan 7 da jika 870, kuma na manya ne masu biyan haraji a Faransa.

Wanda muke so ƙananan ma'aikata su lura da shi shi ne LEP. An kafa shi a 1982 don masu ƙaramin ƙarfi, kuma ya fi Livret A biya. A Fabrairun 2023, lokacin da Livret A ke ba da kashi 3, shi yana ba da 6,1. Tun Oktoban 2023 iyakarsa yuro 10.000 ce. Sharaɗin shi ne samunka na shekara kada ya wuce wani adadi da ake sabuntawa kowace shekara, kuma takardar harajinka ce shaida. Ga inda wasu ke asara: mai ƙaramin albashi ya ce tunda ba a bin sa komi, ba sai ya cika takardar haraji ba. In babu wannan takarda, babu hanyar tabbatar da cewa ka cancanta. Mai gadi, mai aikin gini, mai aikin tsabta, duk ya kamata su tambayi bankinsu ko sun shiga.

PEA, na masu sayen hannun jari

Wannan daban yake da sauran. An fito da shi a 1992 don jama'a su zuba kuɗi a kamfanonin Turai. Kamar buhu ne da kake zuba kuɗi ciki, sannan da su ka sayi hannun jari na kamfanonin Tarayyar Turai, ko na asusun haɗin gwiwa da ke saye a madadinka. Mutum ɗaya PEA ɗaya, dole ya zama baligi mai biyan haraji a Faransa, kuma abin da zai zuba iyakarsa yuro 150.000. Muddin kuɗin na cikin buhun, ka saya ka sayar, ba a cire maka komi.

Maganar tana ga shekara biyar, kuma ana ƙirgawa ne daga ranar da ka fara zuba kuɗi. In ka cire kafin biyar ta cika, a ƙa'ida asusun ya rufe kuma a karɓi cikakken haraji kan ribar. In ka wuce biyar, harajin samu ya faɗi, saura na tallafin jama'a kawai. Misali da lissafin 2025: ka zuba yuro 10.000, suka zama 14.000, riba 4.000 kenan. Kafin shekara biyar a cire 1.200. Bayan biyar a cire 688. Haƙurin ya tsirar maka da yuro 512, kusan jika 336. Shi ya sa wasu ke buɗewa da ɗan abin da ya samu tun da wuri, don kwanaki su fara tafiya.

Amma fa a ji da kyau: a PEA babu wanda ya tsaya maka. Hannun jari na iya faɗuwa, 10.000 ɗin nan su koma 7.000, kuma yafe haraji ba ya maido da asara. Kuɗin asibitin tsohuwa ko na makarantar yara ba wurinsu ba ne nan.

Abubuwan da za a auna

Livret A ma yana da nasa rauni. A 2022 farashin kaya a Faransa ya hau da kashi 5,2, alhali asusun yana ba da kashi 1 zuwa 2. Lamba ta ƙaru a takarda, amma abin da kuɗin ke saye ya ragu.

Sai maganar addini, wadda ba za mu tsallake ba. Abin da Livret A da LDDS da LEP ke biya kuɗin ruwa ne tsayayye, kuma mun san matsayin riba a wurin masu saurarenmu da yawa. PEA kuwa shiga ce cikin riba da asarar kamfani, amma nan ma ana duba irin sana'ar da kamfanin ke yi. Mu dai bayanin yadda abin ke aiki ne namu, hukunci kuma a nemi malamai masana.

A kuma kiyayi ƴan damfara. Hukumomin kula da bankuna a Faransa sun sha gargaɗi kan asusun ƙarya da ake tallatawa a intanet da waya, da alkawarin ruwa mai yawa. Ruwan Livret A ɗaya ne a kowane banki. Duk wanda ya ce nasa ya fi, to kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ƴan uwanmu na wasu ƙasashe ma suna da irin wannan. A Kanada akwai CELI tun 2009, inda a 2024 da 2025 aka ba kowa damar zuba dalar Kanada 7.000 a shekara, abin da ba ka cika ba kuma ya bi ka shekara ta gaba. A Ingila akwai ISA tun 1999, mai iyakar fam 20.000 a shekara.

Abin da ya shafi na gida

Wanda ya dawo Nijar da zama yana iya barin Livret A ɗinsa a buɗe, PEA ma galibi haka. Ya dai sanar da banki sabon adireshinsa, ya kuma riƙa motsa asusun lokaci lokaci. Dalili shi ne wata doka da ta fara aiki a Janairun 2016. In asusu ya yi shekara 10 babu motsi kuma babu labarin mai shi, banki zai miƙa kuɗin ga Caisse des dépôts. In mai shi ya rasu kuma magada ba su zo ba, shekara 3 kawai ake jira. Idan aka cika shekara 30 gaba ɗaya ba wanda ya nema, kuɗin sun zama na gwamnatin Faransa har abada.

Akwai shafin intanet mai suna Ciclade inda ake bincike kyauta da sunan mutum da ranar haihuwarsa. Iyalan da mahaifinsu ko wansu ya yi aiki a Faransa ya rasu, su sa wani mai karatu ya duba musu, su kuma tanadi takardar mutuwa da takardun da ke nuna su ne magada.

Ku kuma ƴan uwanmu na can, mun san ba kowa ke son a san abin da ya tara ba. Ba sai ka faɗi nawa ne ba. Amma ka faɗa wa mutum ɗaya amintacce sunan bankin da irin asusun, ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka a banki sun yi daidai da na takardunka na gida. Allah ya sa albarka a nema, ya kuma sada kowa da iyalinsa lafiya.