Ɓoye Ƙaramar Bindiga a Jiki Yayin Sassarfa da Tattakin Daji a Amurka

A Amurka akwai masu fita sassarfa da asuba, ko su saɓa jakar goyo su nufi dawa tattakin kwanaki, da ƙaramar bindiga ɓoye a ƙarƙashin riga. 'Yan kasuwa sun daɗe da gano haka, suna sayar da ɗamarar roba mai aljihun bindiga, da gajeren wando mai kube a ciki, da 'yar jakar da ake ɗaurawa a ƙirji. Dalilai biyu masu wannan ɗabi'a ke kawowa: tsoron mugun mutum da tsoron naman dawa. Tsoron kuwa ba na banza ba ne. A watan Satumba na 2022 an sace wata malamar makaranta a birnin Memphis tana cikin gudunta na asuba, bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarta. An kashe wasu ɗalibai mata biyu su ma suna cikin gudu, ɗaya a jihar Iowa a 2018, ɗaya a Jojiya a 2024. Duk lokacin da irin wannan labari ya bazu, maganar ɗaukar makami kan sake tasowa, musamman a bakin mata masu gudu su kaɗai.

Tushen 'yancin riƙe bindiga shi ne gyara na biyu na kundin tsarin mulkin ƙasar, wanda aka amince da shi a 1791. A 2008 Kotun Ƙoli ta ce gyaran ya ba kowane mutum damar ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kai. A watan Yuni na 2022, a shari'ar da aka fi sani da Bruen, kotun ta faɗaɗa damar zuwa wajen gida, ta soke dokar jihar New York da ke tilasta wa mai neman lasisi ya kawo wani dalili na musamman. Tun kafin nan jihohi sun yi ta sassautawa. Filorida ta yi doka a 1987 cewa duk wanda ya cika sharuɗɗa dole a ba shi lasisi, jihohi da yawa suka bi sawunta, Illinois ce ta zo ƙarshe wajen halatta ɓoye bindiga a jiki, a 2013. Ya zuwa 2024, jihohi 29 cikin 50 ba sa ma neman lasisi ga baligin da doka ba ta haramta wa riƙe makami ba.

Mai jin wannan daga nesa sai ya ɗauka ƙasar duka a buɗe take. Ba haka ba ne, kuma matafiyin ƙafa shi ya fi kowa shiga tarkon wannan kuskure, domin doka tana sauyawa a ƙarƙashin takalminsa ba tare da ya ga shinge ko jami'i ba. Hanyar tattaki ta duwatsun Appalachia ta kai kimanin kilomita 3,500, daga Jojiya zuwa Maine, tana ratsa jihohi 14. A Vermont ba a taɓa neman lasisi ba, amma kafin mai tafiya daga kudu ya isa can sai ya keta Maryland da New Jersey da New York da Connecticut da Massachusetts, waɗanda ba sa karɓar lasisin wata jiha. A New Jersey, mafi ƙarancin hukuncin wanda aka kama da ƙaramar bindiga ba izini shi ne shekara uku da rabi a gidan yari. A 2013 wata uwa mai lasisin Pennsylvania ta tsallaka can a mota, ɗan sanda ya tsayar da ita kan laifin tuƙi, ta faɗa masa da bakinta cewa tana da bindiga, aka kama ta. Sai da gwamnan jihar ya yi mata afuwa a 2015 ta samu kanta gaba ɗaya. Ƙungiyar da ke kula da hanyar Appalachia ita kanta tana ba matafiya shawarar kada su ɗauki bindiga.

Gandayen daji na tarayya suna da nasu tsarin. Daga watan Fabrairu na 2010 aka yarda a shiga da bindiga bisa dokar jihar da gandun yake ciki, amma ba a shiga da ita ofisoshi da ɗakunan karɓar baƙi, farauta da harbin gwaji kuma haramun ne a akasarinsu. A cikin gari kuwa akwai dokar tarayya ta 1990 da ta hana riƙe bindiga a kewayen kimanin mita 300 daga makarantar yara, sai ga wanda yake da lasisin wannan jihar. Ke nan mai sassarfa a jihar da ba ta neman lasisi, idan bai karɓi lasisin ba, yana iya karya dokar tarayya kowace safiya ta wurin bin gefen makarantar unguwarsu.

Akwai kuma abin da ya shafi baƙi kai tsaye. Dokar tarayya ta haramta wa wanda ya shiga ƙasar da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aikin wucin gadi ya mallaki bindiga ko harsashi, sai da wasu 'yan togaciya, kamar mai riƙe da lasisin farauta. Ɗalibin da ya ga abokansa 'yan ƙasa suna yawo da bindiga ya kwaikwaye su, yana iya ƙarewa a kurkuku, daga nan kuma a tasa ƙeyarsa gida.

Bayan doka sai shi kansa jikin mai gudu. Yawancin ƙananan bindigogin zamani, irin su Glock, ba su da makulli na waje da ake turawa da yatsa. In dai bindigar a ɗane take, duk abin da ya ja kunamar, yatsa ne ko igiyar wando ko makullin mota, harsashi zai fita. Shi ya sa masu koyar da harbi suka dage a kan kube mai tauri wanda ya rufe kunama ruf, ya kuma riƙe bindigar ko da mutum ya yi tuntuɓe ya faɗi. Kayan motsa jiki kuwa ba a ɗinka su don ɗaukar nauyi ba. Bindiga cike da harsashi takan kai rabin kilo zuwa kusan kilo guda, wandon roba ba ya da ɗamarar da za ta riƙe wannan, kowane taku yana jijjiga ta yana zame ta ƙasa. Abin da ya sami Plaxico Burress, shahararren ɗan wasan ƙwallon Amurka, a 2008 ya zama abin misali: ya soke bindiga a ƙugu ba kube a wani gidan rawa a New York, ta zame, ya kai hannu zai tare ta, ya harbi cinyarsa. Ya rayu, amma kotu ta yanke masa ɗaurin shekara biyu saboda ba shi da lasisin jihar. Ƙa'idar masana ita ce bindigar da ta suɓuce a bar ta ta faɗi, kada a cafe ta. Wanda ya ɗaura ta a gaban ƙugu kuma ya sani cewa bakinta na kallon babbar jijiyar jinin da ke bi ta cinya, wadda in ta fashe mutum kan iya mutuwa cikin 'yan mintuna, balle a daji inda asibiti yake da nisan sa'o'i.

Gumi ma yana da nasa aikin. Gishirin da ke cikinsa yana sa ƙarfe tsatsa, yana lalata kuben fata har ya yi laushi ya lanƙwashe zuwa wajen kunama. Mai jakar goyo kuwa ɗamarar jakar takan hau daidai inda kube ke zama, shi ya sa wasu kan jefa bindigar cikin jaka. A nan ta daina amfani ga mai ita, ta zama abin da yaro ko ɓarawo zai tarar idan an ajiye jakar an tafi ɗibar ruwa.

Batun lokaci ya fi duka wuya. A 1983 wani jami'in 'yan sandan Salt Lake City mai suna Dennis Tueller ya nuna cewa mutum mai ƙoshin lafiya yana cin tazarar kusan mita shida da rabi cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, daidai lokacin da horarren ɗan sanda ke buƙata ya zare bindiga daga kuben da ke a fili ya harba. Mai sassarfa tasa tana ƙarƙashin riga jiƙe da gumi, yana haki, hannunsa na rawa, wataƙila ma ya toshe kunnuwansa da kiɗa. Maharin kuwa ba sallama yake yi ba, daga baya yake zuwa ko daga cikin shuke-shuke. Idan aka kai ga kokawa, bindigar ta wanda ya riga kai hannu ce. Don haka masu horarwa na ƙwarai suka fi ba da ƙarfi a kan abin da ke zuwa kafin hari: a bar kunne a buɗe, a riƙa sauya hanya da lokaci, a sanar da wani inda aka nufa, a yi gudu cikin jama'a in da hali.

Game da namun dawa, akwai alƙaluman da za a duba. Masu bincike Tom Smith da Stephen Herrero da abokan aikinsu sun tattara rahotannin arangamar mutane da beyar a Alaska. A binciken da suka fitar a 2008 sun samu cewa feshin barkono na musamman da ake yi don beyar ya kori dabbar a kusan kashi 90 cikin ɗari na lokutan da aka yi amfani da shi, kuma kashi 98 cikin ɗari na masu ɗauke da shi sun fita ba rauni. A wani binciken na 2012 a kan arangama 269 da bindiga ta shiga ciki, sun ga cewa yawan raunin da mutane suka ji bai bambanta ba tsakanin waɗanda suka harba da waɗanda ba su harba ba. Dalili a fili yake: feshi yana bazuwa kamar hayaƙi, ba ya buƙatar saiti, harsashi kuwa sai ya sami wuri mai kisa a jikin dabbar da ke iya gudun kilomita 50 a sa'a. A gandun Yellowstone, daga kafa shi a 1872, mutum takwas beyar ta kashe, alhali sama da ɗari sun nutse a ruwa, sama da ashirin sun ƙone a maɓuɓɓugan ruwan zafi. A gandayen ƙasar gaba ɗaya, haɗarin mota da nutsewa da faɗowa daga tsauni su ne kan gaba cikin haɗurran da ke kisa, kuma babu ɗaya cikinsu da bindiga ke magancewa. Hukumar gandun Yellowstone tana umartar baƙi su ba beyar da kyarkeci tazarar kimanin mita 90, su yi tafiya uku-uku ko fiye, su riƙa yin surutu don kada su faɗa wa dabba ba zato.

Idan har an harba, sai shari'a. Kusan ko'ina a ƙasar ba a yarda a yi harbin kare kai ba sai mutum yana fuskantar barazanar mutuwa ko mummunan rauni nan take, kuma barazanar ta zama wadda duk mai hankali zai gani haka. Jihohi irin su Filorida sun ce ba dole ne mutum ya ja da baya ba, New York da New Jersey kuwa sun ce in akwai hanyar tsira dole a bi ta. Nuna bindiga don tsoratarwa laifi ne a wurare da yawa, haka ma harbin gargaɗi.

Shari'ar Harold Fish ita ce aka fi kawowa a wannan babi. Tsohon malamin makaranta ne, yana kammala tattakinsa a dajin Coconino na jihar Arizona a watan Mayu na 2004, sai karnuka biyu suka yo kansa. Ya harba bindiga a ƙasa don ya kore su. Mutumin da ke tare da karnukan ya rugo wajensa, a cewar Fish yana ihu yana barazana, shi kuwa ya harbe shi sau uku ya mutu. Mamacin ba ya riƙe da makami a hannu, kuma babu shaida ko ɗaya a wurin. Fish bai gudu ba, shi ya nemo taimako. Duk da haka a 2006 aka same shi da laifin kisa, aka ɗaure shi shekara goma, mai gabatar da ƙara ma har ya kafa hujja da girman bindigarsa da irin harsashin da ya zaɓa. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2009, bayan ya yi kusan shekara uku a tsare. Har yau ana saɓani kan ko ya yi daidai. Abin da ba a saɓani a kai shi ne an rasa rai, wanda ya harba kuma ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Baƙar fata yana da ƙarin abin lura. A watan Yuli na 2016 ɗan sanda ya harbe wani baƙar fata mai suna Philando Castile har lahira a Minnesota, daƙiƙu kaɗan bayan ya sanar da shi cewa yana ɗauke da bindiga, kuma yana da lasisinta. Wasu jihohi, kamar Michigan da North Carolina, sun wajabta wa mai bindiga ya sanar da ɗan sanda da zarar an tsayar da shi, don haka shiru ma ba mafita ba ne. Abin da ake koyarwa shi ne a bar hannuwa a fili, a yi magana a natse, kada a kai hannu aljihu ko ƙugu sai an ba da umarni.

Wannan 'yanci bai ƙetare iyakar Amurka ba. A Kanada ba a cika ba da izinin yawo da ƙaramar bindiga ba sai ga irin masu rakiyar motocin kuɗi da masu aiki can cikin dawa. Birtaniya ta haramta kusan dukkan ƙananan bindigogi a 1997, bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane a 1996. A Nijeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa makamai gida uku: bindigar gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da lasisinta, bindigar farauta irin mai baki biyu, wadda lasisinta ke hannun Sufeto Janar, sai haramtattun makamai, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke iya ba da izininsu. Fistol da libarba suna cikin kashi na uku, jere ɗaya da bindigogin soja, kuma wanda aka kama da ɗaya ba izini yana fuskantar ɗaurin shekara goma, ko da ya ce don kare kansa ya ɗauka.